Daga Sama Ake Farawa

Da gindin bokiti na buga ƙofar, ba da hannu ba.

Na buga, na ƙara bugawa, har matar hawa na ɗaya ta leƙo ta matattakala tana tambayar ko gobara ce. Ban ko kalle ta ba. Daga inda nake tsaye ina jin ƙarar ruwa a cikin sashen, shaaa, famfon kicin da na banɗaki duka a buɗe, ana ta ɓarinsa hankali kwance.

Ƙofa ta buɗe. Wani dogo ne, da tawul a wuya, da kumfar sabulu a kunne ɗaya.

"Lafiya, baiwar Allah?"

"Rufe famfonka."

"Na'am?"

"Na ce ka rufe famfonka, Malam. Duka biyun. Yanzu."

Ya kalle ni, ya kalli bokitin da ko ɗigo babu a cikinsa.

"Famfon ɗakina?"

"Ɗakin naka ne. Ruwan ne bai zama naka ba tukuna."

Ni fa ban iya faɗa rabi da rabi ba. A nan bakin ƙofarsa na zazzage masa komai, muryata tana hawa tana sauka a bene, maƙwabta suna buɗe ƙofofi ɗaya bayan ɗaya. Benenmu hawa biyar ne, a tsakiyar unguwar da ba ta san shiru ba: tashar mota a gabanmu, kasuwa a bayanmu, masu gyaran babur a gindin katanga. Ruwan famfo ba kullum yake zuwa ba, in ya zo kuma ba ya daɗewa, kuma ba shi da ƙarfi. In na ƙasa suka buɗe famfo, ba ya kai wa sama ko kaɗan. Mu ne a sama, ni da Ummata.

Shi ya sa gidan yake da doka. Baba na ƙasa, tsohon da yake gyaran agogo a ƙofar shiga, shi yake fara jin motsin ruwa. Sai ya buga bututu da guduma. Bututun ɗaya ne, ya ratsa kicin ɗin kowa daga ƙasa har sama. Duk wanda ya ji bugun Baba zai bar famfonsa a rufe, ko da kuwa shamfu ne a kansa, sai mun cika durom ɗinmu. In mun cika, sai in buga bututun sau uku, sannan kowa ya buɗe. Abbana ne ya kafa dokar, shi da Baba, tun ina goye. Abba ya rasu, dokar tana nan.

Duk wannan na faɗa masa, amma ba da wannan sanyin ba.

Da na gama, sai ya juya ciki da sauri, na ji ƙarar ta ɗauke. Amma ina, ruwa ya riga ya tafi. Ya dawo yana sosa ƙeya, ya ce jiya ya tare, ba wanda ya gaya masa. Na ce to yanzu an gaya masa. Na juya na haye, ina jin idonsa a bayana, na kuma ƙi yin tuntuɓe ko sau ɗaya.

Ban jima da zama a kan keken ɗinkina ba aka yi sallama. Shi ne, da jarka biyu, yana haki kamar wanda aka biyo. Ya ajiye, ya gaida Umma har ƙasa, ya koma. Ya sake hawowa da wasu. Bai tsaya ba sai da durom ya cika, rigarsa ta manne a bayansa.

Umma ta bi shi da addu'a. Da ya tafi ta dube ni ta ce, "Ke kuwa da kika tashi faɗa, sai kika zaɓi mai hankalin gidan."

"Mai hankali ba ya wanka da ruwan mutane," na ce.

Ashe likitan haƙori ne. Mutumin da yake wuni yana cewa mutane su buɗe baki, shi bai iya rufe famfo ba. A benenmu ba a kiran mutum da sunan yanka. Ni Ta Sama ce tun ina rarrafe. Shi kuma aka sa masa Sabon Haya, kuma ko da ya shekara sunan bai bar shi ba.

Da ruwa ya sake zuwa, na cika durom, na ɗauki almakashina na ɗinki, na buga bututu da mariƙinsa kamar yadda na saba. Ina shirin juyawa sai na ji wani ɗan bugu ya taso daga ƙasa. Guda ɗaya, a hankali.

Tik.

Na tsaya. Babu wannan a doka.

Washegari muka haɗu a matattakala, ni da ƙunshin labulen da zan kai wa mai shi, shi da farar rigar aikinsa a hannu. Na tambaye shi ko bututu ya zama abin wasa. Ya ce shi an koya masa in an ba shi abu ya ce ya gode, kuma hawa na biyar ya yi nisa a hau don kalma biyu.

"To kada ka ƙara," na ce.

Ya ƙara. Kullum ruwa ya zo sai ya ƙara. Ni kuma, Allah ya gani, sai na koma ina tsayawa a kicin bayan na gama, hannuna a kan bututu, ina jira. Ranar da yake wurin aiki ba a amsa ba, haka zan wuni ina ɗinka bakin labule a karkace ina warwarewa.

Abin da muka manta shi ne bututu ba ya riƙe sirri. Ya bi ta kicin ɗin kowa. Matar hawa na ɗaya ta fara yi mini murmushin da ban gane masa ba. Ɗinkin labulen gidan nan duka ni nake yi, amma ba a taɓa kawo mini aiki ana dariya ba sai a lokacin. Baba kuwa ya tare ni a ƙofa, da gilashinsa na gyaran agogo a ido ɗaya, ya ce, "'Yata, shekara da shekaru ina jin bututun nan, ban san ya iya hira ba sai bana."

Kunya kamar in nutse.

Sabon Haya bai yi ta kewaye-kewaye ba. Ya kawo mini awon tagoginsa ya ce labule yake so. Na ɗinka. Ya dawo ya ce ya yi tsawo. Na rage. Ya dawo ya ce ya yi gajere.

"Likita, labulen ne bai yi ba, ko wani abu ne?"

"Wani abu ne."

"To faɗi, ina da aiki."

"Ina sonki, Ta Sama. Tun ranar bokiti."

Na ce masa ya sauka kafin in ƙara masa wani bokitin. Ya sauka yana dariya. Ranar na ɗinke wa kaina gefen mayafi da labulen mutane.

Daga nan sai abu ya kankama. Yana hawowa da yamma, ya zauna a falonmu, Umma tana gefe tana tsintar zare. Falon ƙarami ne, keke ya cinye kusurwa ɗaya, durom yana leƙowa daga kicin. Amma tagarmu babu irinta a gidan. Daga nan kana ganin rufin kasuwa duka, da motoci suna fita tasha a jere, da gadar sama can nesa. Ya ce shi bai san garin nan yana da kyau ba sai da ya hau wurinmu. Yana kirana hasken idonsa. Ina ce masa ya je a duba idon.

Mutum ɗaya ce a gidan abin bai yi wa daɗi ba. Tana hawa na huɗu, daidai ƙarƙashinmu, wurin yayarta mai gyaran gashi. Ta Baranda ake ce mata, don a baranda take wuni da waya a hannu, ta san wanda ya shiga da wanda ya fita. Kyakkyawa ce, ba zan ci haƙƙinta ba. Tun ranar da Likita ya tare haƙorinta ya fara ciwo, kuma bai taɓa warkewa ba.

Da ta ga haƙori bai yi aiki ba, sai ta bi ta uwa.

Mahaifiyarsa takan zo duba shi jefi-jefi. Hajiya ce ta gaske, mai babban gida da katanga da get a can gefen gari, ba ta taɓa wuce hawa na biyu ba. Ta Baranda na hango motarta za ta sauko a guje, ta karɓi jaka, ta riƙe mata hannu a matattakala, Mama kaza, Mama kaza. A nan ta zuba mata abin da ta zuba. Wai ni nake kiran ɗanta ta bututu kowa yana ji. Wai na mai da shi ɗan ɗiban ruwa. Wai ni da Umma ba mu da kowa a garin nan, ko kawu ɗaya ba a taɓa gani ya hau wurinmu ba.

Na ƙarshen gaskiya ne. Shi ya fi yi mini ciwo.

Da ya kai maganata gida, Hajiya ta ce atafau. Ta ce ba ta haifi likita don ya ɗauko mata 'yar gidan haya ba, wadda ta tashi a matattakala idon kowa a kanta. Ta ce in an tashi neman auren, wurin wa za a je? Wa zai tsaya mata? Ya yi ta lallashi, ya yi fushi, ya sake lallashi, har ta yarda za ta zo ta gan mu sau ɗaya. Ta ce in abin da ta gani bai yi mata ba, kada ya sake tayar mata da zancen. Shi ma ya yi mata alkawarin haka.

Ya zo ya gaya mini a bakin matattakalarmu, yana ta juya makullin mota a hannu. Na lura akwai sauran magana a bakinsa.

"Masoyiyata, wata shawara ce... kada ki yi fushi."

"Faɗi tukuna."

Ya ce akwai wani abokinsa da ya yi tafiya, ya bar masa makullin gidansa. Gida ne na ƙasa, da tsakar gida, da tanki. Wuni ɗaya kawai. Mu je ni da Umma mu karɓi Hajiya a can. Ya ce gwiwarta ba ta son bene, kuma in ta hau a gajiye, ta tarar da durom da bokitai... ya san halin mahaifiyarsa.

Na dube shi ido cikin ido.

"Kunyarmu kake ji."

"Wallahi ba haka ba ne."

"Haka ne. Kujerar da kake zama a kai, a ka Abbana ya hau da ita. A ɗakin nan aka haife ni. A nan Umma ta yi takaba, a nan ta raine ni da keken nan, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Shi ne zan ce mata ta saka mayafi mu je mu ari gidan wani, don a ce mu mutane ne?"

"Don kada in rasa ki ne..."

"Wadda za ka samu a gidan aro ba ni ba ce. Ni Ta Sama ce, Likita. Duk mai son ganina ya hau."

Na shige na rufe ƙofa. Sai da na ji saukarsa sannan na bari hawaye suka zubo, kuma suka zubo da yawa. Ina sonsa, ba zan ɓoye ba, son da ban taɓa yi wa kowa ba. Amma da in ga Umma zaune a falon wani tana kame-kame, gara in rasa shi.

Umma ta ji komai, don ƙofarmu ba ta fi bututu riƙon sirri ba. Ba ta ce na yi daidai ba, ba ta ce na yi kuskure ba. Ta dai tashi ta cire labulen falo, ta ce sun yi datti.

Ya bar saƙo wurin Baba cewa ranar Asabar da hantsi zai kawo Hajiya, kuma sama za su hau. Ban amsa ba. In mun haɗu a matattakala sai in kau da kai, shi kuma ya manne da bango ya ba ni hanya, idonsa ya faɗa.

Sai ruwa ya zaɓi wannan makon ya ɗauke ɗif.

Gidan duka ya bushe. Wanki ya taru a kowane sashe, yara suna tafiya makaranta da goge fuska kawai. Namu durom ɗin ya kai ƙasa, har ana ganin tsatsar gindinsa. Safiyar Asabar ta waye muna da kwanuka a jibge, ƙasa ba a goge ba, labule a jiƙe rabi da kumfa, ruwan da ya rage bai fi a sha ba.

Muna tsaye ni da Umma muna kallon juna, sai gudumar Baba ta taso.

Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Na ruga na buɗe famfo. Ya yi tari, ya yi huci, ya tofar da iska, sannan ruwa ya fara zubowa siriri. Na ɗauki almakashi na riƙe, ina cewa Allah ya sa ya kai rabin durom.

Ko gindin bai gama rufewa ba na ji an buga bututu.

Sau uku.

Na kalli hannuna. Almakashin yana nan a riƙe, ban motsa shi ba.

Ban gama gane abin da ya faru ba na ji gidan duka ya buɗe. Mutanen da suka yi kwanaki ba ruwa, wa zai tsaya tambaya? Famfonmu ya yi siriri, ya koma ɗigo, ya yi shiru. Kuma ba ni da abin yi da bututun, don a dokarmu babu bugun da yake nufin ba ni ba ce. Ko me na buga, buɗe yake nufi.

Na san ko wace ce. Bugun daga ƙarƙashin ƙafata ya fito. Na suri bokiti, irin surar da na yi masa ranar farko, na nufi ƙofa. Umma ta kira ni, ban tsaya ba.

Ina buɗe ƙofa na ji ana dukan ƙofofi a ƙasa, ana ta kiran mutane.

"Ku rufe! Ba ita ba ce! Ku rufe famfo, ba Ta Sama ba ce ta buga!"

Muryarsa ce.

Na leƙa ta ramin matattakala. Ga Likita nan, ba takalmi, da sabuwar rigar da ya saka don zuwan mahaifiyarsa, maɓallai a buɗe, yana bi ƙofa ƙofa yana duka da tafin hannu. Matar hawa na ɗaya ta fito da kumfa har gwiwar hannu, ta ce ai da kunnenta ta ji, sau uku cif. Mijin mai gyaran gashi ya ce shi ma ya ji, tun yarinyar nan tana ƙarama yake jin bugunta, yau za a ce masa ba ita ba ce?

"Ba ita ba ce," ya ce yana haki. "Ita da almakashi take bugawa, yana yin amo. Kuma takan ɗan tsaya kafin na uku. Wannan cokali ne, kuma a gaggauce aka yi. Ku zo ku duba nawa famfon, ban buɗe ba."

Mutanen da suka san ni tun ina zanin goyo, duk bugun ya yaudare su. Shi kaɗai bai yaudara ba.

Na ajiye bokitin a hankali.

Aka rufe famfuna, amma ruwa ya riga ya tafi. Mai gyaran gashi ta shiga kicin ɗinta, ta fito riƙe da hannun ƙanwarta, cokalin miya yana ɗaya hannun. Ta Baranda ta ce wai tukunya take ƙwanƙwasawa, hannunta ya kuskure. Sau uku. Ba wanda ya tanka mata. A gidan da kowa yake da baki, wannan shirun ya fi zagi.

Ana cikin haka aka ji ƙarar takalmi daga ƙofar shiga. Hajiya ce. Direbanta ya kawo ta da wuri. Ta tsaya a gindin matattakala cikin leshi da ƙamshi, tana kallon ɗanta likita ba takalmi, gumi yana bin fuskarsa.

"Me nake gani haka?"

Ya sauka ya durƙusa ya gaishe ta. Na riƙe ƙarfen matattakala. Ga sashensa nan a hawa na biyu, a share, da kujeru masu laushi. Abu ne mai sauƙi ya ce ta shiga ta huta, a kira ni in sauko.

"Mama," ya ce, "gidansu yana can sama. Yau babu ruwa, ba a yi shara ba, kuma benen da tsawo. A haka nake sonta, a haka nake so ki gan ta. In gwiwarki ta gaza, zan goya ki."

Hajiya ta ɗaga kai ta kalli benen. Ta ce ita ba a goya ta, ta kama ƙarfe ta fara hawa.

Ban san wa ya fara ba. Ina jin matar hawa na ɗaya ce. Ta shiga ta fito da bokiti cike, ta bi bayan Hajiya. Sai mijin mai gyaran gashi da jarka. Sai malamin makarantar da yake hawa na uku, da baho, shi da matarsa sun kama gefe da gefe. Duk wanda ya tari ruwan da ba lokacinsa ba ne, ya ɗauko ya biyo layi. Hajiya tana hawa tana hutawa, su ma suna tsayawa a bayanta da kaya a ka, ba wanda ya wuce ta. Can ƙarshe ga Baba da butarsa, shi da ya yi shekaru bai hau bene ba.

Ni kuwa ina tsaye a ƙofarmu da tsohuwar rigar aiki, zare a manne a jikina. Na yi tunanin in ruga in canza. Sai na fasa. Na gyara ɗankwali, na durƙusa.

"Sannu da zuwa, Mama. Sannu da hawa."

Umma ta karɓe ta kamar yadda take karɓar kowa, ba rawar jiki, ba neman afuwa. Ta zaunar da ita a kujerar Abba, kusa da tagar da babu labule. Na ɗebo ruwan da ya rage mana na sha a kofi na kai mata. Ta shanye tas. Tana zaune tana mai da numfashi, mutane suna wucewa ta gabanta ɗaya bayan ɗaya, kowa ya gaishe ta, ya shiga kicin ya juye, ya fito ya ce da Umma ta yi haƙuri. Durom ya cika har ya tumbatsa.

Hajiya ta tambayi Umma ko duk waɗannan dangi ne. Umma ta ce a'a, maƙwabta ne. Hajiya ta juya tana kallon rufin kasuwa. Sai can ta ce, kamar da kanta take magana, bara ta faɗi a banɗaki, ta wuni a ƙasa kafin wani ya sani.

Umma ta ce Allah ya kiyaye gaba.

Sannan Hajiya ta juyo gare ni. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, irin kallon da ake wa yadi kafin a saya.

"Ke ce kika ƙi gidan aro?"

Na ɗago da mamaki. Ashe ya gaya mata da bakinsa.

"Ni ce, Mama."

"Kina da taurin kai."

"An sha faɗa mini."

"Ni ma," ta ce. Bakinta ya ɗan motsa, ba zan rantse cewa murmushi ba ne.

Ta gyara mayafi, ta dubi mutanen da suka cika falon har bakin ƙofa, da bokitansu a hannu.

"To, an ce mini yarinyar nan ba ta da kowa. Yanzu kuma na rasa wurin wa zan turo a nema a cikinku."

Matar hawa na ɗaya ta ce ita ta yi mata wankan jariri. Malami ya ce shi ya koya mata karatu. Aka fara gardama ta gaske. Baba ya ɗaga hannu daga inda yake zaune a kan matakala, har yanzu numfashinsa bai dawo ba.

"Hajiya, duk za a zo kanmu. Amma a gidan nan daga sama ake farawa."

Hajiya ta juya ta fuskanci Ummata. Ta sauko daga kujerar, da wannan gwiwar tata, ta zauna kusa da ita a tabarma.

Ni dai na gudu kicin. A can ya same ni, ya tsaya daga bakin ƙofa, har yanzu ba takalmi.

"Ki yafe mini, hasken idona."

"Da gaske ina tsayawa kafin na uku?"

"Kullum. A nan nake riƙe numfashi."

Na ce masa ya je ya saka takalmi, ya ba mu kunya a gaban baƙi. Ban iya ƙarasawa ba, kuka da dariya suka haɗe mini.

Bayan biki Hajiya ta ce ga sashe guda a gidanta, da tanki, da komai. Likita ya kalle ni. Na yi godiya har ƙasa, na ce sai dai mu riƙa zuwa duk mako. Ta ce dama ta sani. Ta Baranda kuwa ta koma wurin iyayenta, barandar ta zama wurin shanya.

Yanzu a hawa na biyu nake. Sunan bai canza ba, har yau Ta Sama ce, shi kuma Sabon Haya. Na sayi sabon almakashi, tsohon na bar wa Umma.

Ranar da ruwa ya fara zuwa bayan na tare, ina kicin, kwanuka a jibge. Gudumar Baba ta buga. Na ji ruwan yana wucewa ta bututu, ta gabana, yana hawa. Famfo yana nan kusa da hannuna, kuma a nan ƙasa ruwan da ƙarfinsa yake. Ban taɓa sanin haka jiran yake da tsawo ba. Shekara da shekaru mutanen nan suna tsayawa haka saboda mu, da datti a hannu, ba wanda ya taɓa yi mana gori.

Na ɗora tafina a kan bututun, na jira.

Sai ga shi daga sama, da amon almakashina, a hannun Umma. Ɗaya. Biyu. Uku.

Likita ya miƙo mini cokali. Na share idona, na buga mata guda ɗaya, a hankali, sannan na buɗe famfo.